Direban tseren mota: wane aiki yake yi, kuma me masu binsa suke gani?

Wani matashi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a gidan kallon unguwarmu wani lokaci akan sa tseren motoci kafin a fara ƙwallo. Ni dai abin da nake gani mutum ne a zaune yana ta zagaya wuri ɗaya. Sai kuma na ji an ce Lewis Hamilton yana cikin 'yan wasan da suka fi samun kuɗi, har mutane suna binsa ƙasa-ƙasa. Wai wannan ma aiki ne? Ina wahalarsa take? Su kuma masu binsa me suke gani?"

Ƙanena, ban ga laifinka ba, laifin talabijin ne. Kyamara tana bin mota daga nesa, sai gudun ya zama kamar ba gudu ba, shi kuma direban ba ka ganin komai nasa sai saman hular kwano. Ni kaina na fara kallo ne zamanin da Michael Schumacher yake lashe komai da jar Ferrari, kuma duk da cewa inji na karanta, da shi nake ci, sai da na ɗauki shekaru kafin na gane abin da nake kallo. Bari mu ɗauki Hamilton ɗin da ka ambata da gasar da yake yi, wato Formula 1.

Tsere ɗaya kilomita 305 ne da ɗan ɗoriya, kusan ka tashi daga Kano ka je Zariya ka dawo, kuma cikin kimanin awa ɗaya da rabi ake gama shi. Gudun miƙaƙƙen titi ba shi ne abin ba, taka totur kowa ya iya. Birki da kwana su ne aikin. A filin Monza na Italiya mota takan iso kwanar farko da gudun sama da kilomita 330 a awa, cikin kamar sakan 3 ta sauko ƙasa da 90. Birkin ba mai laushi ba ne irin na motar gida, da ƙafar hagu ake taka shi, da ƙarfin da ya wuce kilo 100. A daidai lokacin nan nauyin jikin direba yakan ninka har sau 5. Kai da hular kwano kilo 6 ne zuwa 7, ninka sau 5 ka gani. Kamar a rataya maka jarkar ɗan garuwa cike da ruwa a wuya ne, a fizge ta gaba in ka taka birki, a fizge ta gefe in ka shiga kwana, kwana goma sha a kowane zagaye, zagaye 50, 60, a Monako har 78. Shi ya sa in ka dube su da kyau za ka ga sirara ne amma wuyansu kamar na ɗan kokawa. Akwai motsa jiki na wuya kawai da suke yi, a ɗaura musu igiyar roba a kai mai horarwa yana ja suna turjewa.

Ga zafi. Rigar da ba ta cin wuta ce a jikinsa ninki-ninki, inji yana bayansa, kwalta tana tashin zafi daga ƙasa. A tsere irin na Singafo mutum yakan zubar da kilo 2 zuwa 3 na gumi, kuma da ya fito daga mota sai ya hau ma'auni kafin ya yi komai. A Katar, a watan Oktoban 2023, Esteban Ocon ya yi amai a cikin hularsa tun farko-farkon tsere, ya ci gaba a haka har ya ƙare a na 7. Logan Sargeant kuwa jikinsa ne ya gaza, ya shigo da mota gareji da kansa ya haƙura.

Amma in don ƙarfin jiki ne, 'yan dambe da yawa sun fi su. Abin da ya bambanta aikin shi ne cikin wannan hali ake so kanka ya kasance a natse yana lissafi. Sitiyarin motar yana da maɓallai da makunnai sama da 20. Direba yana canja giya da 'yan yatsu, yana sauya yadda birki zai rabu tsakanin gaba da baya daga wannan kwana zuwa waccan, yana duba zafin taya a ɗan allon da ke gabansa, yana tattalin batir don ya samu ƙarin ƙarfi inda zai wuce wani, injiniyansa kuma yana yi masa magana a kunne: na bayanka yana matsowa, ruwa zai sauko nan da minti 5, taya ta gaba ta hagu ta fara gajiya. Tun 2010 aka hana ƙarin mai a tsakiyar tsere, don haka mota takan tashi da nauyin man tseren gaba ɗaya ta ƙare kusan a bushe, wato motar da ya fara tuƙawa ba ita ce yake tuƙawa a ƙarshe ba. Mafi yawan tseren ma ba iya gudunsa yake yi ba. Lallashin taya yake. Tayar Pirelli, wadda kowa ke amfani da ita tun 2011, in ka matsa mata da wuri sai ta ƙone ta bar ka a tsakiyar hanya. Gwani shi ne wanda zai yi sauri ba tare da ya cinye tayarsa ba, kuma a nan Hamilton ya yi suna. A filin Silverstone na Ingila a 2020 tayarsa ta gaba ta hagu ta fashe a zagayen ƙarshe, ya ja motar a kan taya 3 har ya tsallake layi yana na ɗaya.

Ranar Lahadin da kake gani kuwa ita ce ƙaramin kason aikin. A 2024 da 2025 tsere 24 aka yi kowace shekara, daga Maris zuwa Disamba, a nahiyoyi 5, wani lokaci mako 3 a jere: a gama a Amurka, a wuce Meziko, a wuce Barazil. Direba yakan iso ranar Alhamis, wadda ta 'yan jarida ce da masu ɗaukar nauyi. Juma'a gwaji biyu, awa ɗaya-ɗaya. Asabar gwaji na uku, sannan fafatawar neman gurbin tashi, inda zagaye ɗaya tak yake raba wanda zai tashi a gaba da wanda zai tashi a sahu na biyar, sau da yawa da bambancin da bai kai rabin sakan ba. Bayan kowace fita akwai zama. Direba zai zauna da injiniyoyi da lasifika a kunne, wasu ma daga masana'anta a Ingila ko Italiya suke sauraro, a bi motar kwana-kwana: a nan gaba yana zamewa, a nan baya yana tsalle, a nan birki yana kullewa. Mota tana ɗauke da ɗaruruwan na'urorin auna abu, amma har yanzu akwai abin da sai wanda ya zauna a ciki ne zai iya faɗa. Direban da ya iya gudu bai iya bayani ba, makanikai ba sa son aiki da shi, domin ba su san me za su gyara ba. Duk wanda ya taɓa karɓar mota a gareji daga mai cewa "kawai dai tana wani abu" ya san abin da nake nufi. In an koma gida kuma akwai na'urar kwaikwayon tuƙi a masana'anta, ɗaki mai duhu da kujera mai motsi, inda mutum zai wuni yana maimaita filin mako mai zuwa.

A nan ne ya kamata ka gyara tunaninka a kan abu guda. Direban Formula 1 ma'aikacin kamfani ne. Mercedes tana Brackley, McLaren tana Woking, Red Bull tana Milton Keynes, Ferrari tana Maranello, kuma kowace daga manyan nan tana da ma'aikata wajen 1,000 ko fiye, duk don motoci 2. In motar da suka ƙera maka ba ta da kyau, ko kai wane ne ba za ka ci ba. Ka kalli lokacin canjin taya, nan ne kawai talabijin take nuna maka sauran jama'ar. Mota ta shigo da gudun kilomita 80 a awa ta tsaya cak a kan alama. Mutum kusan 20 sun durƙusa suna jira. Ɗaya ya ɗaga gaba, ɗaya ya ɗaga baya, kowace taya mutum 3: mai kwance noti da bindigar iska, mai cire tsohuwa, mai sa sabuwa. McLaren ta taɓa gama wannan duka cikin sakan 1.80, a tseren Katar ɗin nan na 2023. In direba ya wuce alamar da taƙi ɗaya, duk sai sun gyara tsayuwa, sakan guda ya tafi, kuma sakan guda yakan zama matsayi 2 ko 3.

Yadda ake shiga sana'ar shi ne ɓangaren da ba ni jin daɗinsa. Kuɗi ne. Yaro yakan fara da ƙaramar motar yara da ake kira kat tun yana ɗan shekara 6 zuwa 8, daga nan Formula 4, Formula 3, Formula 2, kuma a kowane mataki iyaye ko wani mai hali ne ke biya. Kaka ɗaya a Formula 2 ana maganar sama da yuro miliyan 2. Sai ka tara maki 40 cikin shekara 3 kafin FIA, hukumar da ke kula da gasar, ta ba ka babban lasisi. Ko ka samu, kujera 20 ce kawai a duniya har zuwa 2025, sai a 2026 da shigowar Cadillac ta zama 22. Oscar Piastri ya lashe Formula 2 a 2021, ya yi shekara guda a zaune babu mota. Felipe Drugovich ya lashe a 2022, shekaru suka yi ta wucewa yana ɗan jiran ko-ta-kwana. A gefe guda ga Lance Stroll, wanda mahaifinsa ne mai ƙungiyar Aston Martin. Ocon da na ambata ɗazu, iyayensa gidansu suka sayar suka koma kwana a motar ɗaki suna bin sa filin tsere.

Hamilton daga irin wannan gida ya fito. An haife shi a Stevenage, arewa da Landan, a Janairun 1985. Mahaifinsa Anthony, wanda iyayensa suka zo daga tsibirin Grenada, ya haɗa aiki har uku ko fiye a lokaci guda don ya biya kuɗin kat, kuma shi ne makaniken ɗan nasa a ƙarshen mako. Yana ɗan shekara 10 ya tari shugaban McLaren, Ron Dennis, a wajen bikin ba da kyauta, ya ce masa wata rana yana son ya tuƙa motarsa. A 1998, yana da 13, McLaren ta ɗauki nauyinsa. Ba don wannan ba, da wuya ka taɓa jin sunansa. Ya shiga Formula 1 a 2007, baƙar fata na farko da ya yi tsere a gasar, ya rasa kambu da maki 1 a shekararsa ta farko, ya ci a 2008 da maki 1. Ya koma Mercedes a 2013, ya ƙara 6, suka zama 7, daidai da Schumacher. Zuwa ƙarshen 2025 tsere 105 ya ci, babu wanda ya kai haka.

Ka san wane ne babban abokin gabar direba? Abokin aikinsa. Shi kaɗai ne yake tuƙa irin motarka, don haka shi kaɗai ne ba ka da uzuri in ya wuce ka. Duk bayanan tuƙinka a buɗe suke a gabansa, nasa ma a gabanka: inda ka taka birki, inda ka saki, inda ka yi tsoro. Zaman kishiyoyi ne sak, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ana gaisawa a gaban baƙi. Hamilton da Nico Rosberg abokai ne tun suna yara a kat, ƙungiya ɗaya suka yi. Da suka haɗu a Mercedes, mota ta fi ta kowa, kambu ya zama tsakaninsu su biyu, sai zumunci ya watse. A Sifaniya a 2016 suka yi karo a zagayen farko, duka biyun suka fita. Rosberg ya ci kambun shekarar da tazarar maki 5, bayan kwana 5 ya ce ya yi ritaya, yana ɗan shekara 31, domin abin da shekarar ta ci masa ba zai iya sake biya ba. Wanda ya ci zomo ya ci gudu. Wannan ritayar ita ce amsa mafi ƙarfi da na sani ga mai tambayar ko akwai wahala.

Albashi kuwa sama da ƙasa ne. Manyan biyu ko uku, jaridun harkar kuɗi suna ƙiyasta nasu ya wuce dala miliyan 50 a shekara, ban da talla. Sabon shiga yana karɓar ɗan ƙaramin kaso na wannan, kuma kujerarsa ba ta da tabbas ko na wata guda. Nyck de Vries tsere 10 ya yi a 2023 aka sallame shi. Liam Lawson tsere 2 kacal ya yi a Red Bull a 2025 aka mai da shi ƙaramar ƙungiya. Ga dokoki: in ka tara makin laifi 12 cikin wata 12 za a dakatar da kai tsere guda, kamar yadda aka yi wa Kevin Magnussen a 2024. Har bakinka ana sa wa ido. Max Verstappen ya yi ashar a taron 'yan jarida a Singafo a 2024, aka yanke masa aikin al'umma, ya je ya yi shi a Kigali ta Ruwanda.

Mutuwa ma tana cikin lissafi, ko da yake an rage ta ƙwarai. A Imola a 1994 Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, Ayrton Senna ya mutu washegari, 1 ga Mayu. Jules Bianchi ya yi haɗari a Suzuka a 2014 ya rasu a 2015. Bayan nan ne aka tilasta sa wani ƙarfe mai lanƙwasa a saman kan direba daga 2018, ana ce masa halo. Direbobi da yawa sun ƙi shi, wai ya ɓata kyan mota, har da Hamilton da Romain Grosjean. A Bahrain a 2020 motar Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya yi kusan sakan 28 a ciki ya fito da ƙafarsa, hannayensa ne suka ƙone. A Monza a 2021 tayar motar Verstappen ta hau kan Hamilton, ƙarfen nan ne ya tare. Tun daga nan ba ka ƙara jin mai kushe shi.

Yanzu ga masu bi. Ba iri ɗaya ba ne, kuma ni a ganina cin tsere ba shi ne babban abin da ke tara su ba.

Na Ferrari, waɗanda ake kira tifosi, mota suke bi ba mutum ba. Ferrari tana gasar tun shekarar farko, 1950, kuma a Italiya ta zama kamar ƙungiyar ƙasa. In ta ci, ana kaɗa ƙararrawar coci a Maranello. Rabon da direbanta ya ci kambu tun Kimi Räikkönen a 2007, amma je ka ga Monza a watan Satumba. Da an kaɗa tutar ƙarshe sai a buɗe ƙofofi, jama'a su kwararo kan kwalta da gudu, su shimfiɗa wata ƙatuwar jar tuta a saman kawunansu a ƙarƙashin dandamalin karɓar kofi, wanda aka gina shi a saman titin. Da Charles Leclerc ya ci a nan a 2019, sannan a 2024, ba ka ganin kwalta ko taƙi ɗaya, ja ne har iya ganinka. Direba a wurinsu ɗan amana ne, yau a ɗaga shi sama, gobe jaridu su yi masa kaca-kaca.

Na Verstappen kuwa ƙasa suke bi. Holan ba ta taɓa samun direban da ya ci ko tsere ɗaya a Formula 1 ba sai shi, kuma ka san ranar da ya fara? Ranar da Hamilton da Rosberg suka yi karon nan a Sifaniya, yana ɗan shekara 18, tserensa na farko a Red Bull. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan 'yan ƙasarsa suka fara cika filayen Ostiriya da Beljiyam da Hangari sanye da riga ruwan lemo, launin gidan sarautarsu, suna kunna hayaƙi mai launin har direbobi su riƙa shiga cikinsa. Yawansu ne ya sa aka dawo da tseren Zandvoort a 2021, bayan rabonsa tun 1985. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, a hana motoci shiga, mutum sama da 100,000 su zo a jirgin ƙasa da keke a rana guda. Ka ga a nan magoya baya sun ƙirƙiri tsere sukutum. Haka 'yan Meziko suka yi wa Sergio Pérez, haka Barazil ta yi wa Senna, wanda da ya mutu aka yi zaman makoki na ƙasa kwana 3.

Na Hamilton sun bambanta, domin mutumin suke bi da labarinsa. Akwai Turawan Ingila, ba shakka, Silverstone takan tara mutum 480,000 a ƙarshen mako guda, ya ci a can sau 9, an sa wa miƙaƙƙen titin tashi sunansa, yakan faɗa kan taron su riƙa miƙa shi hannu-hannu. Amma da yawa daga masoyansa ba ruwansu da Ingila. Mutane ne a Legas da Nairobi da Kingston da São Paulo da suka ga mai irin fatarsu ya shiga wurin da ba a saba ganinsa ba ya zama sarki. Kuma sun ga abin da ya sha. A gwajin Barcelona a Fabrairun 2008 wasu 'yan kallo suka shafa baƙin fenti a fuska suka zo suna yi masa ba'a. Bayan karonsa da Verstappen a Silverstone a 2021 aka cika shafukansa da zagin launin fata.

Labarin Barazil ya fi ba ni mamaki. A 2008 shi ne maƙiyi a São Paulo, domin da ɗan garin, Felipe Massa, yake takara. Massa ya ci tseren ƙarshe, danginsa suna ta rungumar juna a gareji, ashe a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe Hamilton ya wuce Timo Glock a cikin ruwan sama ya samu na 5 ɗin da yake bukata. Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Bayan shekara 13, a fili ɗaya, aka hukunta shi ya tashi daga can baya a gajeren tseren Asabar, ranar Lahadi ya tashi a na 10, ya wuce kowa ya ci, ya tsaya ya karɓi tutar Barazil ya zagaya da ita kamar yadda Senna yake yi. Filin ya ɗauka da sunansa. A 2022 majalisar ƙasar ta ba shi shaidar ɗan ƙasa ta girmamawa.

Kada ka ɗauka wannan taro kyauta yake zuwa, ko kuma gefen aiki ne. Shi ne kasuwar. Kamfanin da ya manna sunansa a ƙirjin direba, idon jama'a yake saye. Tun da Liberty Media ta Amurka ta sayi gasar a 2017 ta saki hanyar sada zumunta, sannan Netflix ta fara shirin Drive to Survive a 2019, aka samu sabbin masu kallo, matasa da mata da yawa, waɗanda suka san halin direba da karensa da budurwarsa kafin su san injin motarsa. Amurka da ke da tsere 1 yanzu tana da 3: Austin, Miami, Las Vegas. Tsofaffin masu kallo irina mukan yi gunaguni, amma gaskiya kuɗin daga nan yake fitowa. Saboda haka sa hannu a kan hula, ɗaukar hoto, cin abinci da baƙin kamfani, murmushi bayan ka sha kaye, duk suna cikin kwantiragi. Da Ferrari ta ɗauki Hamilton yana dab da shekara 40, ba saurinsa kaɗai ta saya ba. Hotonsa na farko a gaban gidan Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, a Janairun 2025, miliyoyi ne suka danna masa so, kuma ranar da ya fara gwada motar a Fiorano mutane suka yi sammako cikin hazo da sanyi suka cika gadar da ke kallon filin. Shekarar ta ƙare bai hau dandamali ko sau ɗaya ba a babban tsere, karo na farko a rayuwarsa, in ban da gajeren tseren da ya ci a Sin. Jajayen huluna masu lambarsa ta 44 ba su daina sayuwa ba.

Taron yana da haƙori kuma. A Abu Dhabi a Disambar 2021 Hamilton da Verstappen suka zo tseren ƙarshe da maki daidai wa daida, 369.5 kowanne. Hamilton yana gaba da nisa, saura zagaye 5, sai Nicholas Latifi ya bugi bango, motar tsaro ta fito ta tattara kowa wuri guda. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar taya. Alƙalin tseren, Michael Masi, ya bar motoci 5 da ke tsakaninsu kawai su wuce, daga cikin waɗanda aka riga aka ba tazarar zagaye guda, saɓanin yadda aka saba, ya saki tsere saura zagaye 1. Tsohuwar taya ba ta iya tsayawa gaban sabuwa. Verstappen ya wuce ya ci kambu. Daga baya FIA ta ce kuskuren ɗan Adam ne, ta cire Masi, sakamako kuma ya tsaya. Ra'ayina, an karya doka a ranar, Verstappen kuma bai yi laifin komai ba, abin da aka miƙa masa ya karɓa. Amma Latifi, wanda kuskuren tuƙi kawai ya yi yana can baya, shi aka aika wa barazanar kisa har ya ɗauki masu tsaro. Hamilton ya yi shiru kusan wata 2 bai ce uffan ba. A Ostiriya a 2022 da ya bugi shinge wasu suka yi sowa tun kafin a san ko ya ji ciwo, a Silverstone kuma ana yi wa Verstappen ihu. Wanda ya san yadda gardamar Madrid da Barcelona take kaiwa ga hannu a gidan kallo ba zai yi mamaki ba. Hamilton bai sake cin tsere ba sai Yulin 2024, a Silverstone, bayan kwana 945. Ya fashe da kuka a rediyo, ya fito ya rungume mahaifinsa ya daɗe bai sake shi ba.

Mu a nan daga nesa muke leƙe. Rabon Afirka da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Hamilton ya daɗe yana cewa bai kamata a ƙara tsere ko'ina ba a bar nahiyar nan, kuma Ruwanda da Afirka ta Kudu duk sun nuna suna so. Dattawan Agadas su ne suka fi mu ganin tseren mota ido da ido, lokacin da gasar Paris zuwa Dakar take ratsa hamadar Tenere, kafin a ɗauke ta zuwa Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020.

In an sake sawa a gidan kallonku, ka bar kallon motar da ke gaba. Dubi jerin sunaye da ke gefen hagu na allo, ka zaɓi mutum 2 masu launi ɗaya, wato 'yan ƙungiya ɗaya, ka riƙa duba lambar tazarar da ke tsakaninsu da launin zoben tayarsu: ja mai laushi ce mai saurin ƙarewa, rawaya tsaka-tsaki, fara mai tauri. Ka lura da wanda aka fara kira ya shigo canji, ka saurari muryar wanda aka bari a waje. Sai dai ka roƙi mai gidan kada ya canja tasha in Arsenal za ta take leda, ko da yake Hamilton ɗin ma ɗan Arsenal ne, wataƙila da shi ne a wurin da shi zai fara cewa a canja.